Soyayya a Bakin Igwa: Tarihin Finafinan Yaƙi da Isowarsu Kano

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1903 sojojin Ingila suka kafa wa ganuwar Kano igwa suka shiga birni, a cikin watan Agusta na wannan shekara kuwa, can a Ikko, aka tara jama'a a zauren Glover aka nuna musu hotuna masu motsi a jikin farin ƙyalle, wanda shi ne karo na farko da tarihi ya riƙe an yi haka a ƙasar da daga baya aka haɗa aka kira Nijeriya. Sai da aka shekara talatin da 'yan kai kafin yaƙi da fim su gamu a Kano, kuma gamuwar tasu ba ta zo yadda ta zo wa mutanen Turai ba. Can, finafinan yaƙi na da ana cuɗa soyayya da ban tausayi da farfagandar hukuma a cikinsu har mai kallo ya kasa raba wannan da wancan. Nan kuwa abubuwan uku a rarrabe suka iso, wa'azin hukuma ya zo a mota kyauta, soyayya da hawaye suka zo a gidan silima da kuɗi, sojan da ya je ya yi yaƙin kuma bai sami labarin zuciyarsa a ko ɗaya ba.

Asalin al'amarin yana zamanin Yaƙin Duniya na Farko. A shekarar 1916 hukumar Ingila ta yarda aka ɗauki hoton gwabzawar da aka yi a bakin kogin Somme, a ƙasar Faransa, aka nuna shi tun ana tsakiyar yaƙin, mutane wajen miliyan 20 suka shiga kallo a makonni shida na farko. Iyaye mata da matan aure suka ga gawarwaki da raunana da idonsu, waɗansu suna bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya ko za su hangi nasu. Daga nan ma'abota mulki suka gane cewa wannan sabuwar na'ura tana da ƙarfin da jarida ba ta da shi, suka kuma gane cewa gaskiyar fagen fama, in aka zube ta yadda take, tana iya karya zuciya kamar yadda take iya tunzura ta. Saboda haka aka nemi gwanin tsara labari, aka gayyato D. W. Griffith daga Amurka, wanda ya fitar da Hearts of the World a 1918. Labarin saurayi ne da budurwa a wani ƙauyen Faransa, ana shirin aurensu sai yaƙi ya ɓarke, Jamusawa suka mamaye garin, wani babbansu ya nemi keta mutuncin yarinyar, ceto ya iso a kan gaɓa. Manufar farko ita ce a ja hankalin Amurka ta shiga yaƙin, alhali kuwa kafin a gama aikin ta riga ta shiga tun Afrilun 1917. Amma harsashin ginin ya kafu: budurwa ta zama misalin ƙasa, abokin gaba ya zama mai neman keta ta, tafiya yaƙi kuma ta zama kishin iyali, wanda babu namijin da zai so a ce ba shi da shi.

Da ƙura ta lafa, masu shirya fim suka sami sararin faɗin abin da ba a faɗa lokacin yaƙi. The Big Parade na 1925 ya bi wani ɗan attajirin Amurka da ya so wata 'yar manoman Faransa, ya komo gida da ƙafa ɗaya, sa'an nan ya koma nemanta yana ɗingishi. A 1930 aka fitar da All Quiet on the Western Front, wanda ya nuna 'yan makarantar Jamus da malaminsu ya zuga suka shiga soja, suka ƙare ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun san dalili ba. Da aka kai shi Berlin a watan Disamba na wannan shekara, Goebbels, mai kula da farfagandar jam'iyyar Nazi, ya tura 'yan jam'iyyar suka saki ɓeraye a cikin gidan silima suka tayar da hargitsi, har hukuma ta hana nuna shi. Mutumin nan bai ƙi fim mai sa kuka ba, domin nan gaba za mu ga ya kashe dukiya mai yawa a kan irinsa. Abin da ya ƙi shi ne kukan da ba a nuna wa mai yinsa wanda zai ɗora wa laifi ba.

A cikin waɗannan shekaru ƙasarmu ta shiga fim, amma a matsayin fage. A 1926 wani Bature mai suna Geoffrey Barkas ya ɗauki fim a tsaunukan Bauchi, cikin Sura da Angas, ya kira shi Palaver, ya ƙara da cewa labarin soyayya ne na Nijeriya ta Arewa. Soyayyar tsakanin Di'o ce da wata Baturiya mai aikin jinya, da wani Bature mai haƙar kuza yana kishi; mutanen ƙasa kuwa aikinsu su yi bore, a zo da soja a murƙushe su, masoya su sadu. A 1935 Sanders of the River ya biyo sawu, inda aka sa mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, ya fito a matsayin sarkin da ke biyayya ga jami'in Turawa. Da ya ga yadda aka harhaɗa fim ɗin a ƙarshe, ya yi tir da shi a fili. Wannan Barkas, domin a san irin kusancin da ke tsakanin sana'o'in biyu, shi ne ya shugabanci sashen ɓad-da-kama na sojojin Ingila a Masar lokacin Yaƙin Hitila, ya ƙera tankokin ƙarya da ya ruɗi Jamusawa da su kafin karon El Alamein a 1942.

Kano a lokacin tana sake kama. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai, baƙi daga kudu suka cika Sabon Gari, Kwarori suka kafa kantuna a wajen ganuwa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, En'e ta Kano ta kashe kuɗin baitulmali ta gina ma'aikatar ruwa da lantarki a bakin kogin Challawa, aka buɗe ta a farkon shekarun 1930, a wurin da yau majemu da masana'antu suka kewaye. Bayan zuwan wutar ba da daɗewa ba, a 1937, Kwarori suka buɗe gidan silima na Rex, fili ne da katanga babu rufi, ana ware darare, waɗansu na Turawa da Larabawa, waɗansu na baƙar fata. Finafinan Ingila da Amurka ake nunawa, bayan sun bi ta hannun 'yan tacewa, waɗanda babbar damuwarsu ita ce kada talakan mulkin mallaka ya ga Baturiya cikin halin da zai zubar da ƙimar masu mulki. Malamai na cikin birni kuwa suna da tasu damuwar, ta hukuncin sura da kuma cuɗanyar maza da mata, har aka laƙaba wa abin sunan dodon bango, mutumin kirki ba ya so a gan shi a ƙofar wurin.

A watan Satumba na 1939 yaƙi ya tashi, kuma Kano ta ji shi a jikinta fiye da yawancin garuruwan Afirka ta Yamma. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Damagaram da Maraɗi da sauran ƙasar Nijar suka koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai bin Jamus, watau iyakar abokan gaba ta matso kusa da Daura da Katsina, Chadi kuwa, a hannun Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle. Tun daga Satumban 1940 jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi suka riƙa sauka a filin jirgin saman Kano suna shan mai, su bi ta Maiduguri da Fort Lamy da Hartum har Alƙahira, kuma fiye da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya. Aka matsa wa manoma su ƙara gyaɗa; da Japan ta kama Malaya a farkon 1942 aka rasa kuzar can, sai aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos; hakimai da dagatai kuma aka ɗora musu nauyin kawo samari su shiga soja. Mai neman wannan duka daga hannun mutanen da ba su taɓa ganin Bajamushe ba, wajibi ne ya ba su dalili.

Dalilin ta hanya biyu ya zo. Ta farko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, wadda ta fara fita daga Zariya a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ana karanta ta a zauruka mutum ɗaya yana karantawa goma suna saurare. Ta biyu majigi ce. A 1939 Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen mulkin mallaka, ta damƙa shi ga William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya daɗe a Ikko yana nuna wa mutane finafinan kashe ɓera da tsabtar gida. Sellers yana da ra'ayi tabbatacce a kan kwanyar baƙar fata: a ganinsa ɗan ƙauye ba zai iya bin labari mai rassa ba, don haka dole hoto ya yi tafiya a hankali, kada a yi tsalle daga wuri zuwa wuri, kada a cika mutane, a nuna Malam Wayo da Malam Wawa, wannan ya bi umarni ya ji daɗi, wancan ya ƙi ya sha wuya. Turawan wannan sashe suna da wata hikaya da suke maimaitawa, wai an taɓa nuna wa ƙauyawa fim ɗin tsabta, da aka tambaye su me suka gani sai suka ce kaza, domin wata kaza ta gitta a gefen hoton. Hikaya ce da aka yi ta juyawa baki da baki, kuma ko da ta tabbata, ni ban ga abin da ta nuna ba illa cewa fim ɗin ya fi kazar gundura.

Haka motar majigi ta riƙa zagayawa. Ta iso gari da la'asar yara suna binta a guje, a kafa ƙyalle a ƙofar hakimi, a jira duhu, a tayar da inji, tafinta ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. A nuna Sarkin Ingila yana duba soja, a nuna masana'antar da ake ƙera jirage, a nuna Mr English at Home na 1940, watau yadda kafinta Bature yake zaune da iyalinsa cikin tsari, a nuna Africa's Fighting Men na 1943, sojojin Afirka suna fareti suna harba igwa. Majigi ta sami karɓuwar da silima ba ta samu ba, saboda da izinin sarki take zuwa, a fili ake yi, mata da yara suna kallo. Sai dai mutanen da suke da Magana Jari Ce a hannu tun shekarun 1930, waɗanda suka tashi da tatsuniya da labarun Dare Dubu da Ɗaya, su ne aka yanke wa hukuncin cewa ba za su fahimci labari ba. Mai ba yaro magani yakan ɓoye maɗaci a cikin zuma. Turawa sun yi wa 'yan'uwansu haka, mu kuwa suka miƙo mana maɗacin zalla.

Wanda yake son ya ga yadda ake haɗa wannan zuma, to ya dubi shekarar 1942, domin a cikinta manyan ƙasashen da ke yaƙi suka fitar da finafinan da suka fi kowanne gwaninta a wannan fanni. A watan Yuni Amurka ta kafa ofishin labarun yaƙi, wanda yake da reshe a Hollywood yana karanta labarun finafinai tun kafin a ɗauka, yana auna ko za su taimaka a ci nasara. A wannan wata aka fitar da Mrs. Miniver, na William Wyler, labarin wata matar aure a wani ƙauyen Ingila: mijinta ya ɗauki ɗan kwalekwalensa ya tafi kwaso soja daga Dunkirk, ɗanta ya shiga sojan sama ya auri jikar wata tsohuwa mai sarauta, ita kuma ta yi ido biyu da wani matuƙin jirgin Jamus da ya faɗo a bayan gidanta. Mai kallo ya gama shirya zuciyarsa cewa saurayin ne zai mutu, tun da shi ke tashi sama kullum, sai harsashi ya sami amaryar tana zaune a cikin mota. A nan hikimar take, domin da soja ne ya mutu, da an ce ai aikinsa ne; da amarya ta mutu, sai yaƙin ya zama na kowa, kuma abin da limamin cocinsu ya tsaya ya faɗa ke nan a ƙarshe, a ƙarƙashin rufin da bam ya huda. Shugaba Roosevelt ya sa aka buga wannan huɗuba a takardu aka watsa ta jirgin sama a ƙasashen da Jamus ta mamaye. Ana kuma cewa Churchill ya kimanta amfanin fim ɗin da na rundunar jiragen ruwa, amma wannan magana ta fi yawo a bakin mutane bisa ga takarda. Abin da yake rubuce shi ne Goebbels ya kalle shi ya yaba gwanintarsa a littafinsa na kullum.

Shi kansa Goebbels a wannan shekara yana da nasa, Die große Liebe, watau babbar soyayya, wanda mutane wajen miliyan 27 suka kalla, babu fim ɗin zamanin Nazi da ya kawo kuɗi kamarsa. Zarah Leander ta fito a matsayin mawaƙiya da ta so wani matuƙin jirgin yaƙi. Duk sa'ad da aka sa ranar aure sai kira ya zo, ya tafi, wani lokaci ko sallama babu, ta yi fushi, ta yi kuka, ta yi waƙa, har daga bisani ta koyi abin da ake so kowace Bajamushiya ta koya, watau haƙuri da jira da barin tambaya. A watan Nuwamba kuma, makonni kaɗan bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya, aka fara nuna Casablanca a New York. Humphrey Bogart ya fito a matsayin Ba'amurke mai gidan shaƙatawa a ƙasar da Vichy ke mulki, wanda ya rantse ba ruwansa da rigimar kowa, har tsohuwar masoyiyarsa, Ingrid Bergman, ta shigo da mijinta ɗan gwagwarmaya suna neman takardun fita. Takardun suna hannunsa, matar tana sonsa, ba abin da zai hana shi tafiya da ita, amma ya sa ta a jirgi tare da mijinta, shi kuma ya nufi Brazzaville wurin sojojin de Gaulle. Mutumin nan Amurka ce da kanta, wadda ta noƙe shekara biyu kafin ta shiga yaƙi.

In aka jera ukun za a ga ma'auni ɗaya ake amfani da shi a Berlin da Hollywood. Da fari a sa mai kallo ya so masoyan har ya ɗauki haɗuwarsu tamkar buƙatar kansa, sa'an nan a raba su, a bar shi da raɗaɗin rabuwa, daga ƙarshe a nuna masa cewa raɗaɗin nan yana da ma'ana, sadaukarwa ce, kuma wanda ya jawo shi yana can ƙetaren iyaka. Hujja ana iya musunta ta, amma mutumin da ya zubar da hawaye a kan abu da wuya ya juyo ya tuhume shi a daren nan. Ban ce manufofin ɓangarorin biyu ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye, wanda ya san abin da Nazi suka aikata ba zai faɗi haka ba. Kayan aikin ne ɗaya.

A daidai lokacin da ake waɗannan finafinai, samarin Kano da Katsina da Zazzau da Borno da Bauchi suna fagen fama na haƙiƙa. A 1941 birgediyar Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya, suka kutsa har Harar ta Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga bisani aka tura su Bama: ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci ta jirgin sama ake jefowa, bataliyoyin Nijeriya uku suka bi rundunar Chindit bayan layin Japan a 1944, a Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung. Sunayen wannan yaƙi suna nan a barikoki, Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Myohaung a Ikko. Tsofaffin sojan Bama sun komo da labarai masu yawa, na layun da aka ce suna mayar da harsashi ruwa, da na Japanawa da aka ce suna gudu saboda sun ji wai baƙaƙen soja suna cin naman mutum. Waɗannan na hira ne, kowa da yadda ya ji su. Abin da babu shakka a kansa shi ne, a 1945 Hollywood ta fitar da Objective, Burma! inda Errol Flynn da 'yan Amurka ƙalilan suka yi kamar su kaɗai suka yi yaƙin, Ingila ta fusata har aka janye fim ɗin daga gidajen silimarta, bai komo ba sai 1952. Fushin na an manta da sojan Ingila ne. Sojan Afirka an ba shi ɗan gajeren fim na labarai, West Africa Was There, a 1945, inda yake tafiya cikin sahu ba suna. Yana da budurwa da ya bari a ƙauye, yana da amaryar da aka ce mata ya mutu, yana da uwa da ke zuwa wurin mai rubuta wasiƙa. Duk kayan da aka gina Mrs. Miniver da su suna nan a gidansa, ba wanda ya ɗauka. Da yawansu suka ƙare a aikin ɗan doka da masinja da gadi.

Bayan yaƙi gidajen silima suka ƙaru, sai kuma masifa ta auku. Ran 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, mutum 331 suka rasu. Binciken hukuma ya nuna wutar daga ɗakin inji ta fara, inda faifan fim, wanda a wancan zamani da abu mai saurin kamawa ake yin sa, ya kama ta bi rufi. A cikin gari kuwa abin da aka ce dabam ne: an ce tun ana ginin mutane suke tsine masa, an ce fim ɗin daren ya taɓa alfarmar addini, an ce azaba ce ta sauka. Duk da haka a farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a cikin birni kusa da Jakara, bisa ƙin malamai da yawa, daga baya su Plaza da Orion da El Dorado suka biyo.

Abin da ya cika waɗannan gidaje daga ƙarshen shekarun 1950 finafinan Indiya ne, waɗanda Kwarori suka fara shigowa da su, kuma a nan ne mutumin Kano ya sami soyayya da ban tausayi a cikin tufafin da ya gane: auren dole, biyayyar iyaye, kunya, talaka da ya so 'yar mai kuɗi. Indiyawa su ma sun iya ɗaura yaƙi a jikin soyayya. Hum Dono na 1961, inda Dev Anand ya fito a matsayin hafsoshi biyu masu kama da juna, a fagen Bama aka kafa shi, ɗayan ya ɓace, ɗayan ya kai saƙo gidansa, matar ta ɗauka mijinta ne. A Sangam na 1964 Raj Kapoor ya shiga sojan sama, aka ba da labarin mutuwarsa, ya komo ya tarar da zuciyar wadda yake so tana wurin amininsa. Upkar na 1967 kuwa Firayim Minista Shastri ne ya nemi Manoj Kumar ya yi shi bayan yaƙinsu da Pakistan a 1965, domin a ɗaukaka soja da manomi. Masu kallon finafinan Indiya a Kano akasarinsu samari ne 'yan ci-rani da leburori, domin a shekarun nan ne Bompai ta zama unguwar masana'antu, ta saƙa da man gyaɗa da alewa da takalma, ta ja gardawa da 'ya'yan manoma daga karkara, waɗanda in an tashi aiki aka biya su ba su da wurin zuwa da dare sai silima. A ƙofar waɗansu masana'antun mai gadin tsohon sojan Bama ne.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo da tasa farfaganda, amma ta rediyon Kaduna da bakin mawaƙa irin su Mamman Shata ta bi, domin ƙasar ba ta da masana'antar fim da za ta ɗauki nauyin abu kamar wannan, bayan yaƙi kuma manufar Janar Gowon ta sulhu ba ta bar wurin fim ɗin cin nasara ba. Adamu Halilu, wanda ya yi aiki a sashen finafinai na Jihar Arewa, magajin majigi, da ya sami hali sai ya koma tarihi ya yi Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dokar 1972 ta mayar da gidajen silima hannun 'yan ƙasa, kuɗin mai ya buɗe Sharaɗa da Challawa, talabijin kuma ta shigo gidaje, NTA a kan titin Bompai, sa'an nan CTV, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Hotoro a farkon shekarun 1980, yau ake kiranta da sunansa. Ta wannan hanya matan kulle, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba, suka ga abin da mazansu suke gani. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige cewa NTA Kano kaɗai ta nuna finafinan Indiya fiye da dubu tsakanin 1977 da 2003. Fim ɗin yaƙi da ya shiga zukata a wannan zamani shi ne na Umar Mukhtar, wanda Moustapha Akkad ya fitar a 1981 da kuɗin gwamnatin Libiya, labarin malamin allo da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya har suka rataye shi a 1931. Shi ma farfagandar wata hukuma ce, kuma Italiya ta hana nuna shi shekaru da dama, sai dai hawayen da ke cikinsa na shahada ne da na marayu, bai nemi taimakon saurayi da budurwa ba.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara rage ma'aikata, sayen fim daga waje ya gagara, gidajen silima suka riƙa mutuwa, bidiyo ya maye gurbinsu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, finafinan Hausa na kaset suka kankama, suka gaji soyayya da kishi da waƙa daga Indiya, suka gaji wa'azi daga majigi, yaƙin kuwa suka bar shi, domin wanda jarinsa daga hannun 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai yake fitowa ba shi da halin tara bataliya. Sojan Bama ya sami mai ba da labarinsa da suna da fuska a 2007, lokacin da Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙi, ya rubuta Burma Boy, labarin wani yaro mai jin Hausa da ya ƙara wa kansa shekaru ya bi rundunar Chindit. Littafi ne, da Turanci aka rubuta shi, a London aka buga shi.